Aƙidar Siyasa da Makomar Aikin Malamin Jami'a a Nijeriya: Waiwaye Daga 1962 Zuwa 2009

1.0 Gabatarwa

Tun farkon kafuwar jami'o'i a ƙasar nan ake taƙaddama game da matsayin malamin jami'a a fagen siyasa. Wasu na ganin cewa koyarwa da bincike su ne iyakar aikinsa, sha'anin mulki kuwa ya bar wa masu shi. Wasu kuma na ganin cewa mutumin da al'umma ta kashe dukiyarta ta ilmantar ba shi da hujjar yin shiru idan ya ga ana tafiyar da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Wannan taƙaddama ba ta tsaya ga fatar baki ba, domin akwai malaman da ta raba da aikinsu, akwai waɗanda ta kai gidan kaso, akwai kuma wanda ta sa aka fitar da shi daga ƙasar baki ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi tarihin wannan al'amari daga shekarar 1962, lokacin da jami'o'in ƙasar nan suka kai biyar, zuwa shekarar 2009, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar malaman Jami'ar Ilorin. Tambayoyi biyu ne za a yi ƙoƙarin amsawa. Ta farko, wane irin ra'ayin siyasa ne ya yi tashe a tsakanin malaman jami'a a wannan tsawon lokaci? Ta biyu, ta waɗanne hanyoyi ne ra'ayin malami ya shafi ɗaukarsa aiki, ko ƙarin girmansa, ko korarsa? An kawo maganar a mujallar nazarin harsuna ne saboda malaman adabi suna cikin waɗanda guguwar ta taɓa, kuma ƙarancin manyan malamai a fannoninmu ya sa batun adalci wajen tantance aikin malami ya fi damun mu fiye da sauran fannoni.

2.0 Matakan Aikin Malami da Ƙofofin Son Zuciya

Kafin a tsunduma cikin tarihi, ya kamata a fara da bayanin tsanin da malami yake hawa, domin a gane inda hannun wani zai iya riƙe masa ƙafa. A tsarin da jami'o'inmu suka gada daga Ingila, malami yakan fara daga matsayin mataimakin malami, ya zama malami mai daraja ta biyu, sannan ta ɗaya, sannan babban malami, sannan mataimakin farfesa, daga nan sai kujerar farfesa. A al'ada akan so ya yi aƙalla shekara uku a kowane mataki. Shugaban sashe ne yake fara rubuta bayani a kansa, sai kwamitin tsangaya ya duba, daga nan a miƙa wa babban kwamitin ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma na jami'a. Idan aka zo matakai biyu na ƙarshe kuwa, sai an aika da rubuce-rubucensa ga manyan malamai na wasu jami'o'i, galibi mutum uku, waɗanda ba a bayyana masa sunayensu, su tantance ko ya cancanta.

A sama da waɗannan kwamitoci akwai majalisar gudanarwa, wadda ita ce mai ɗauka da sallama. A samanta kuma akwai shugaban ƙasa, wanda doka ta ba matsayin mai ziyara a duk jami'o'in tarayya, da ikon aika kwamitin bincike, kamar yadda gwamna yake a jami'ar jiha.

Daga wannan bayani za a ga cewa ƙofofi uku ne son zuciya na siyasa zai iya shigowa ta cikinsu. Ta farko ita ce ƙofar gwamnati, wadda kan kori malami da sanarwa ko da dokar soja. Ta biyu ita ce ta hukumar jami'a, wadda kan fake da wani laifi na daban ta hukunta malami a kan ra'ayinsa. Ta uku ita ce ta abokan aiki a cikin sashe, waɗanda kan jinkirta takarda, ko su zaɓi mai tantancewa da aka san inda ya karkata. Biyun farko sukan bar takardu da za a iya kai wa gaban alƙali, shi ya sa tarihinsu ya fi fitowa fili. Ta ukun kuwa ba ta cika barin sawu ba.

3.0 Jamhuriya ta Farko: Jam'iyya da Yanki

Daga cikin jami'o'i biyar na farko, biyu ne kawai na gwamnatin tarayya, wato Ibadan da Legas. Nsukka ta gwamnatin Gabas ce, Ife ta Yamma, Ahmadu Bello kuma ta Arewa. Saboda haka jam'iyyar da ke mulkin yanki ita ce mai biyan albashi, kuma ba a daɗe ba ta fara neman a biya ta da biyayya.

A Ife ne abin ya fara bayyana. Bayan rikicin jam'iyyar Action Group na 1962, wanda ya raba Cif Obafemi Awolowo da Cif Samuel Ladoke Akintola, mulkin Yamma ya tsaya a hannun Akintola, alhali malamai da dama a jami'ar suna tare da ɓangaren Awolowo. Tsakanin 1963 da 1964 hukumar jami'ar ta fito fili ta nuna cewa wajibi ne jami'a ta goyi bayan gwamnati mai ci. Aka sallami Dakta Victor Oyenuga, masanin kimiyyar abincin dabbobi, wasu malamai kuma suka ajiye aiki don nuna rashin amincewarsu, cikinsu har da Wole Soyinka da masanin tattalin arziki Sam Aluko.

Na Legas ya fi wannan muni. A 1965 wa'adin farko na shugaban jami'ar, Farfesa Eni Njoku, ya cika, sai majalisar gudanarwa ta ƙi sabunta masa, ta naɗa Dakta Saburi Biobaku a madadinsa. Wannan ya zo ne jim kaɗan bayan zaɓen tarayya na 1964, wanda aka fafata tsakanin ƙawancen NPC da NNDP a gefe ɗaya, da na NCNC da Action Group a ɗaya gefen, kuma Ministan Ilmi na lokacin, Richard Akinjide, ɗan NNDP ne. Tun da Njoku ɗan Gabas ne, Biobaku kuma ɗan Yamma, sai jama'a suka fassara naɗin da ma'aunin jam'iyya da ƙabila, duk da cewa dukansu biyu masana ne da ba a musun iliminsu. Ɗalibai suka yi bore, aka rufe jami'ar, wani ɗalibi ya daɓa wa Biobaku wuƙa, malamai da yawa kuma, Turawa da 'yan ƙasa, suka bar jami'ar. Njoku kansa ya koma Nsukka ya zama shugabanta a 1966.

Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani ba a cika tambayar malami ko shi ɗan gurguzu ne ko ɗan jari-hujja ba. Abin da ake dubawa shi ne jam'iyyar da yake so da yankin da ya fito, kuma sau da yawa akan ɗauki na biyun a matsayin amsar na farkon.

4.0 Bunƙasar Ra'ayin Kawo Sauyi, 1970 Zuwa 1985

Bayan yaƙin basasa al'amura sun sake salo. Babu jam'iyyu, soja ke mulki, kuɗin man fetur ya shigo, giɓin da ke tsakanin mai shi da maras shi kuma ya ƙara faɗi. A waje kuwa ana gwagwarmayar 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau, ga kuma mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Matasan malaman da suka dawo daga karatu a wannan yanayi, da yawansu sun dawo da mazhabar Markisanci a matsayin hanyar nazari. A 1975 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kafa sababbi guda bakwai, sai ya zamana mai biyan albashi ɗaya ne tal a duk ƙasar.

A Zariya, Sashen Tarihi wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1962 ya zama cibiyar sabuwar hanyar nazari, wadda ta soki yadda Turawan mulkin mallaka suka mayar da ƙabila mabuɗin fahimtar tarihin Afirka. Daga cikin almajiransa akwai Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur. A Sashen Nazarin Zamantakewa akwai Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika, wanda ya fara koyarwa a can a 1970. A Ibadan akwai Ola Oni da Bade Onimode a fannin tattalin arziki, da Omafume Onoge a nazarin zamantakewa. A Ife akwai Segun Osoba a tarihi da Biodun Jeyifo a adabi. Lokacin da aka kafa kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1975, Bala Usman da Osoba sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban a 1976. A 1983 kuma aka yi babban taro a Zariya na cika shekara 100 da mutuwar Karl Marx.

Sai dai ya kamata a yi hattara wajen auna yawan waɗannan malamai da ƙarfin muryarsu. Idan aka dubi sunayen da suka yi fice, za a ga cewa daga sassa kaɗan suka fito: tarihi, kimiyyar siyasa, tattalin arziki, nazarin zamantakewa da adabi. Kuma ko a waɗannan sassa ba su kaɗai ne ba. Akwai masu ra'ayin 'yan mazan jiya, akwai masu kishin yanki, akwai kuma masu ganin cewa addini ne ya kamata ya zama tushen tsarin al'umma, waɗanda muryarsu ta ƙara ƙarfi a Zariya da Kano tun daga muhawarar Shari'a ta 1977 da 1978. Abin da masu ra'ayin sauyi suka fi kowa shi ne tsari da juriyar zaman taro, wannan ne ma ya ba su jagorancin Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wato ASUU, bayan kafuwarta a 1978. Jeyifo ne shugabanta na farko, Mahmud Tukur ya gaje shi a 1982, sannan Festus Iyayi a 1986.

Gwamnati ta riga ta nuna ƙarfinta tun a 1973, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya umarci malamai masu yajin aiki su koma aji ko su fita daga gidajen jami'a, suka kuwa koma. Amma korar malamai a kan aƙida ta fito fili ne a 1978. A watan Afrilu na shekarar aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kuɗin abinci na kowace rana, daga naira ɗaya da kwabo 50 zuwa naira biyu. Ɗalibai suka yi zanga-zangar neman a tuɓe Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, jami'an tsaro kuma suka harbe wasu daga cikinsu a Legas da Zariya. Bayan bincike, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ta sauke shugabannin jami'o'i biyu, Farfesa J. F. Ade Ajayi na Legas da Farfesa Iya Abubakar na Zariya, ta kuma kori wasu malamai da ta zarga da zuga ɗalibai, cikinsu har da Oni da Onimode da Onoge. Sai bayan da mulki ya koma hannun farar hula a 1979 aka mayar da da yawa daga cikinsu.

A Jamhuriya ta Biyu wasu daga cikin malaman sun shiga gwamnatocin jam'iyyar PRP. Bala Usman ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, Dakta Bala Muhammad na Jami'ar Bayero kuma ya zama mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa. A tarzomar da ta tashi a Kano ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki, aka kashe Bala Muhammad a gidansa.

5.0 Zamanin Babangida da Abacha

Shari'a guda da doka guda ne suka share fagen abin da ya biyo baya. A 1985 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Farfesa Olaniyan da abokansa suka kai Jami'ar Legas, ta yanke cewa aikin farfesa yana da kariyar dokar da ta kafa jami'a, don haka ba a sallamarsa sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa, an kuma ba shi damar kare kansa. Amma tun a 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta riga ta kafa Dokar Soja mai lamba 17, wadda ta ba da ikon korar ma'aikacin gwamnati, ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa. Tsakanin waɗannan biyu ne malamai suka yi ta kai da komo har ƙarshen mulkin soja.

A ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai suka rasa rayukansu, zanga-zanga kuma ta bazu zuwa sauran jami'o'i. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Daga wannan bincike ne zargin nan ya samo asali, cewa akwai malaman da suke koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba, kuma ya kamata a kakkaɓe su daga jami'a. Wannan magana tana da nauyi a tarihin da muke bi, domin ta mayar da abin da malami yake faɗa a cikin aji ya zama abin tuhuma, ba tare da an fayyace wanda zai shata iyakar manhaja ba, majalisar malamai ce ko jami'an tsaro. A shekarar ce kuma aka raba ASUU da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1987 Jami'ar Benin ta kori Festus Iyayi, yana kan kujerar shugabancin ASUU, bisa zargin yin aikin kansa a waje, sai da ya bi ta kotu kafin ya koma. A 1988 aka haramta ƙungiyar bayan yajin aiki, aka tsare shi da wasu shugabanninta, kuma a wannan shekara ce littafinsa na ƙagaggen labari ya ci kyautar marubuta ta ƙasashen Kwamanwel. A 1988 ɗin dai jami'an tsaro suka kama Patrick Wilmot, suka saka shi a jirgi zuwa Landan bayan ya yi shekara 18 yana koyarwa a Zariya. A 1989 aka kori Bala Usman, kotu ta mayar da shi a 1990. A 1990, bayan yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar, aka tsare Omotoye Olorode da Idowu Awopetu na Ife, waɗanda suke kan gaba wajen adawa da bashin dala miliyan 120 da Bankin Duniya zai bayar domin jami'o'i, aka kuma raba su da aikinsu. A lokaci guda aka tsare Farfesa Obaro Ikime na Ibadan, sannan aka yi masa ritayar dole. Ikime masanin tarihi ne da ba a san shi da gurguzu ba, wanda hakan ke nuna cewa wuƙar da aka wasa domin wani rukuni ba ta tsaya a kansu ba.

A ɗaya hannun kuma gwamnatin ta buɗe wa malamai ƙofofin muƙamai fiye da duk wadda ta gabace ta. Kwamitin muhawarar siyasa da ta kafa a 1986 a ƙarƙashin Dakta S. J. Cookey cike yake da malaman jami'a, har ma rahotonsa na 1987 ya ba da shawarar a bi tafarkin gurguzu, gwamnati ta ƙi. Jerry Gana na Zariya ya shugabanci hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER, Omo Omoruyi ya riƙe Cibiyar Nazarin Dimokuraɗiyya, Eme Awa da Humphrey Nwosu kuma suka shugabanci hukumar zaɓe ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka matashin malami na wannan zamani yana da misalai biyu a gabansa, na wanda aka kora da na wanda aka kira Dodan Barrak, kuma bai buƙaci a yi masa fassara ba.

An ɗage haramcin ASUU a 1990, aka sake haramta ta a 1992 a zamanin shugabancin Attahiru Jega, amma duk da haka gwamnati ta zauna da ita suka sa hannu a yarjejeniya a watan Satumba na shekarar. A zamanin Janar Sani Abacha kuwa aka kai ga naɗa wa jami'o'i kantomomi: Manjo Janar Mamman Kontagora a Zariya daga 1995 zuwa 1998, da Farfesa Umaru Gomwalk a Nsukka. A 1996 aka sake haramta ƙungiyar, aka kori shugabanta Assisi Asobie daga Nsukka, bai koma ba sai bayan rasuwar Abacha a 1998.

Dawowar mulkin farar hula a 1999 bai rufe wannan babi nan take ba. A 2001 Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 dangane da yajin aikin ƙungiya. Shari'ar ta ɗauki shekara takwas, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a mayar da su a biya su haƙƙoƙinsu, bayan wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

6.0 Son Zuciya na Cikin Gida

Bayanan da suka gabata za su iya sa mai karatu ya ɗauka cewa malamai kullum su ne ake zalunta, gwamnati kuma ita kaɗai ce mai zalunci. Hausawa kuwa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk rukunin da ya sami rinjaye a cikin sashe, ko na gurguzu ne, ko na addini, ko na 'yan mazan jiya, yana da ikon zaɓar ɗalibin da za a riƙe a matsayin mataimakin malami, da batun da za a amince a rubuta kundin digiri a kansa, da maƙalar da mujallar sashe za ta buga. Waɗannan ƙananan hukunce-hukunce su ne suke gina malami ko su daƙushe shi tun kafin sunansa ya kai gaban majalisar gudanarwa.

Shaida a kan cewa wannan koke ya taso tun a wancan lokaci ita ce laccar da Wole Soyinka ya gabatar a Ife a 1980 ta kama kujerar farfesa, inda ya soki manazarta adabi 'yan Markisanci, yana zarginsu da neman kafa wani irin mulki nasu a fagen tarke, wanda ba ya karɓar kowace fassara sai tasu. Soyinka ba ɗan barandar gwamnati ba ne, domin ya yi fiye da shekara biyu a tsare a lokacin yaƙin basasa. Don haka ba za a yi watsi da kokensa a ce na mai neman gindin zama ne ba.

Amma adalci ya wajabta a bambanta nauyin abubuwa biyu. Zafin suka a taron ƙara wa juna sani yana cikin aikin jami'a, kuma wanda aka soka yana da damar mayar da martani a rubuce. Kora da tsarewa da fitarwa daga ƙasa kuwa ikon gwamnati ne, babu wani rukuni na malamai da ya taɓa mallakarsa. Har ila yau, rinjayen wani ra'ayi a sashe shi kaɗai bai isa hujjar cewa an yi son zuciya ba, domin ɗalibi yakan bi malamin da tunaninsu ya zo ɗaya, kuma mai sha'awar sukar tsarin al'umma ya fi karkata ga nazarin tarihi ko siyasa fiye da aikin injiniya. Son zuciya yana tabbata ne idan mutum biyu suka gabatar da aiki mai daraja ɗaya, aka ɗaga ɗaya aka danne ɗaya saboda abin da ya yi imani da shi. Wahalar ita ce, tsarin sirrin da aka kafa domin ya kare mai tantancewa daga matsin lamba, shi ne kuma yake rufa wa azzalumi asiri.

7.0 Abin da Ya Shafi Sassan Harsunan Nijeriya

Siyasa ba baƙuwa ba ce a fanninmu. Duk mai koyar da rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20 dole ya ratsa ta kan Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, da kuma waƙoƙin NEPU da PRP, waɗanda Haruna Abdullahi Birniwa ya kwatanta su da na NPC da NPN a kundin digirinsa na uku a Sakkwato a 1987. Mai nazarin waƙoƙin fada kuma ba zai kauce wa maganar sarauta da talaka ba. Idan aka bi ma'aunin 1986, da wuya a sami malamin adabi da ba za a iya tuhuma da wuce gona da iri ba.

Bugu da ƙari, fannoninmu ƙanana ne. Farfesoshin da za a iya aika wa da takardun malamin Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Efik ba su da yawa, sun san juna, kuma sau da yawa ko an ɓoye suna sukan gane marubuci daga salonsa. Malamin da yake koyar da harshensa a jami'ar da ke nesa da gida, inda abokan aikinsa a sashe ba sa iya karanta abin da ya rubuta, makomarsa kacokan tana hannun waɗannan 'yan tsirarun masu tantancewa. Don haka ya dace ƙungiyoyinmu na nazarin harsuna su matsa a kan abubuwa uku: a rubuta ma'aunin ƙarin girma dalla-dalla kowa ya san shi tun da wuri, a ba malami dalilan da suka sa aka ƙi aikinsa ko da ba a faɗa masa sunan mai hukuncin ba, a kuma ƙayyade wa mai tantancewa wa'adi, domin jinkiri shi ne makamin da ba ya barin shaida.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ra'ayin siyasar malaman jami'a a Nijeriya ya sauya kama daga zamani zuwa zamani: jam'iyya da yanki a Jamhuriya ta Farko, aƙidar kawo sauyi da masu adawa da ita daga 1970, sannan gwagwarmayar ƙungiya a zamanin Babangida da Abacha. Ta kuma nuna cewa hukunta malami a kan ra'ayinsa abu ne da ya faru, da sunaye da shekaru, kuma mafi tsananinsa daga gwamnati da hukumomin jami'a ya fito. A mafi yawan lokuta kotu ce ko sauyin gwamnati ya mayar da waɗanda aka kora, amma ba a mayar musu da shekarun da suka ɓata ba, ɗaliban da suka rasa masu duba kundayensu kuma ba wanda ya biya su.

Gyaran dokar jami'o'i na 2003 ya mayar da ikon naɗa shugaban jami'ar tarayya hannun majalisar gudanarwa, wanda hakan ya rage faɗin ƙofa ta farko. Ƙofa ta uku kuwa babu dokar da za ta rufe ta sai mu da muke zama a kwamitoci muna karanta takardun juna. Wanda yake da rinjaye a sashe yau ya tuna cewa dokar da aka yi shiru aka kori abokin hamayyarsa da ita a 1978, irinta ce aka kori wasu da ita a 1990, waɗanda ba su taɓa zaton za ta zo kansu ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.